Kunshin takardun kuɗin Jamus na 1923: a saya, amma a duba sosai

Dillalan tsoffin kuɗi na intanet suna sayar da wani kunshi na takardun mak, kuɗin Jamus na lokacin da hauhawar farashi ta karya darajarsa a 1923, galibi guda goma zuwa ashirin, daga mak 10,000 har zuwa biliyoyi. Ga malamin tarihi ko na tattalin arziki, kayan sun ci kuɗinsu. Wanda kuwa zai saya don ya adana ya jira riba, ya haƙura: an buga su tuli, kamfanonin ɗab'i sama da 130 suka taya Reichsbank, babban bankin Jamus na lokacin, aikin, shi ya sa yawancinsu ba sa wuce 'yan yuro kaɗan kowace.

Daɗin kunshin yana wajen jera shi bisa kwanan wata. Takardar mak 10,000 ta Janairun 1922 babba ce, an ƙawata ta gaba da baya. Bayan Faransa da Beljiyam sun mamaye yankin Ruhr a 11 ga Janairun 1923, gwamnatin Wilhelm Cuno ta riƙa buga kuɗi tana biyan ma'aikatan da suka ƙi yi wa 'yan mamaya aiki, sai ka ga takardu suna ƙanƙancewa, ingancinsu yana raguwa. Na wajen Agusta zuwa Oktoba da yawa gefe ɗaya kawai aka buga, bayan fari fat. Masu saye kan ɗauka jabu ce. Ba jabu ba ce, lokacin buga bayan ne babu. Mafi jan hankali ita ce ta mak 1,000 ta Disambar 1922, wadda aka danna wa jan rubutu a gicciye aka mai da ita biliyan ɗaya. Kunshin da ba ta ciki ya rage armashi.

Inda ake yawan tafka kuskure shi ne lissafi. A Jamusanci Milliarde ne biliyan, Billion kuwa tiriliyan ne, sifili 12. Wasu dillalai kan fassara shi a karkace, su sa wa takardar biliyan farashin ta tiriliyan. A karanta abin da ke jikin takardar. Na tiriliyan su ne masu wuyar samu. Mafi girma, ta tiriliyan 100, mai kyau tana kai dubban yuro, don haka in ka gan ta a kunshi mai araha, kwafi ce.

Kafin biya, a nemi hoton gaba da baya da lambar takardar a kundin Rosenberg, littafin da ya jera takardun kuɗin Jamus, wadda dillalan Jamus ke aiki da ita. In kaya sun iso, a ɗaga kowace a haske a duba alamar da ke cikin jikin takardar. A lura kuma ko an cusa Notgeld, kuɗin wucin gadi na birane da kamfanoni da hukumar jirgin ƙasa. Na gaske ne, amma ba na Reichsbank ba ne. Kada a goge su da dutsen guga, kada a liƙe su a leda mai zafi. Ledar PVC ma tana ɓata tawada a hankali, ta foliyesta ta fi.

Giɓin da ya fi ciwo shi ne rashin Rentenmark a cikin kunshin, wato sabuwar takardar kuɗin da gwamnatin Gustav Stresemann ta fito da ita a 15 ga Nuwamban 1923. Rentenmark ɗaya ta tashi a mak tiriliyan ɗaya, dala kuma ta tsaya a mak tiriliyan 4.2. Sai dai a saye ta daban.