Shagon gwanjo na bakin Katako da rigar LSU mai lamba 9

A bakin kasuwar Katako da ke Yamai akwai wani shagon gwanjo wanda ba ya sayar da komai sai kayan wasanni, kuma na je shi sau uku tun bayan damina kafin na ga ya dace in rubuta ra'ayina. Mai shagon dattijo ne, yana buɗe sabuwar dila da safiyar Asabar. Rigunan Barcelona da Real Madrid ake ratayewa a gaba, domin su matasa ke tambaya, amma rigunan jami'o'in Amurka, waɗanda ba a san su ba a nan, sai a tara su a kan tabarma, kowacce jika biyu.

A cikin wannan tarin na tsinci wata farar riga mai lamba 9 da launin shunayya, da ratsin shunayya da ruwan zinariya a kafaɗu, ga alamar Nike a ƙirji. Na ce, “Alhaji, ka san ko ta wace ƙungiya ce?” Ya juya ta gaba da baya, ya ce, “Malam, ko suna babu a jikinta, ka ba da jika da rabi ka tafi.” Rashin sunan da ya sa ya rage kuɗin shi ne abin da ya kwantar mini da hankali. A 2019 dokar hukumar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, ba ta yarda a sayar da riga ɗauke da sunan ɗalibi ba, sai lambarsa kawai, kuma sai a 2021 aka sassauta wannan doka.

Rigar ta jami'ar jihar Luwiziyana ce, wato LSU da ke birnin Baton Ruj, wanda kuma ya sa lamba 9 a kakar 2019 shi ne Joe Burrow, mai jefa ƙwallo. Wasan da ake magana a kai ƙwallon Amurka ne, wanda ake yi da hular kwano, ana rungumar ƙwallon a ruga da ita ko a jefa ta da hannu. A wannan kakar LSU ta buga wasa 15 ta cinye su duka a ƙarƙashin koci Ed Orgeron. Ta bi Alabama har gida a watan Nuwamba ta doke ta da ci 46 da 41, ta casa Oklahoma 63 da 28 a wasan kusa da na ƙarshe, inda Burrow ya yi jifa bakwai na cin maki tun kafin a tafi hutun rabin lokaci, sannan ranar 13 ga Janairun 2020 ta ɗauki kofin ƙasa bayan ta doke Clemson 42 da 25. Jimillar irin wannan jifa da ya yi a kakar 60 ne, aka kuma ba shi kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'a. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne kirarin magoya bayansu, da suke rubutawa “Geaux Tigers” a maimakon “Go Tigers” na Turanci (Tigers laƙabin ƙungiyar ne), saboda tasirin Faransanci a Luwiziyana. Baƙo daga wata jihar Amurka sai ya tsaya tunani kafin ya furta shi, alhali ɗan firamare a Nijar zai karanta shi ba gargada.

Ta fuskar inganci ba ni da ƙorafi. Ɗinkin kafaɗa da na wuya suna da ƙarfi, an wanke rigar sau da dama lambar ba ta ɓare ba, kuma yadin yana bushewa cikin ɗan lokaci. Sai dai an yi ta ne da faɗi irin na Amurkawa, ni da nake sa matsakaiciya sai da ta sauko mini har cinya, dole na kai wa tela ya rage gefe. Fari kuma ba abokin jar ƙasar Yamai ba ne: yini ɗaya a kan babur lokacin hunturu ya isa ya rina wuyanta. Ban ba da shawarar a sa ta da rana a watan Afrilu ba, domin lambar da ke baya tana manne wa fata da zarar zufa ta karyo.

Inda shagon ya gaza shi ne wajen tantance kaya. Babu wurin gwaji, babu madubi, kuma abin da aka saya ba a mayarwa. A zuwana na biyu na sayi wata riga da na ga lafiya lau a cikin duhun shagon, sai da na isa gida na tarar da ɓula a hammata. Da na koma na nuna masa, Alhaji ya ba ni haƙuri, ya ƙara mini safa biyu, amma kuɗi bai dawo ba. Wanda zai je ya isa kafin ƙarfe tara ranar Asabar, ya wuce rigunan da aka rataye ya durƙusa a kan tabarma, kuma ya fito da duk abin da ya zaɓa waje ya ɗaga shi a hasken rana kafin ya ciro kuɗi.