Lisinopril ya sauke min hawan jini, amma ya bar ni da tari

Wata biyar na yi ina shan lisinopril mai 10mg, ƙwaya ɗaya kowace safiya bayan na dawo daga sallar asuba. Aikin da aka ba shi dai ya yi, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ranar da likita ya rubuta min shi awona 165/100 ne, kafin wata ya zagayo ya sauko wajen 130/85, ciwon ƙeyar da nake tashi da shi ma ya ɗauke. Kwanakin farko nakan ji jiri in na miƙe da sauri, amma bai daɗe ba ya wuce.

Tarin ne ya wahalar da ni. Busasshe, ba majina, kamar an cusa min gashin kaza a maƙogwaro. A sati na uku ya fara, daidai shigowar hunturu, sai na ɗora wa ƙura laifi, don duk mai zama a Kantin Kwari ya san abin da muke shaƙa a Disamba. Maiɗakina ta yi ta dafa min citta da kanumfari, na sha zuma da lemon tsami har na gaji, na kwankwaɗi maganin tari kwalba uku daga kemis ɗin unguwarmu. Ko gezau. Da daddare ya fi tsanani. A sahu kuwa kunya kamar ta kashe ni, liman na karatu ni ina ta ƙwaƙular maƙogwaro. Yayata ta matsa sai da aka yi min hoton ƙirji saboda tsoron tibi, ba a ga komai ba.

Da na koma asibiti, likita yana jin tarin ya ce, "Alhaji, tun yaushe kake wannan?" Da na faɗa masa, ya ce ai ƙwayar ce. Wai sinadarin da take toshewa don jijiyoyin jini su saki, shi ne kuma mai rushe wani abu da ake kira bradykinin. Idan aka toshe shi sai wancan ya taru a hanyar numfashi yana sosa ta. Ya mayar da ni kan losartan mai 50mg, ya ja kunnena kada in sake zama da matsala wata da watanni, kada kuma in yanke magani da kaina. Ya ƙara da cewa mai shan lisinopril da ya ga leɓe ko harshe ko fuska sun kumbura ya nufi asibiti nan take, don hakan ya fi samun baƙar fata, kuma mai juna biyu ba ta shan ko ɗaya daga cikin biyun.

Sati uku da canjin na kwana har asuba ba tari. Maƙwabcin shagona kuwa shekararsa biyu a kan lisinopril ɗin nan, ko gyaran murya bai taɓa yi ba, shi ma ya karɓe ragowar kwalin da nake da shi ya kai wa likitansa ya duba ko irin nasa ne.