Shokozobar Motar da Aka Ɗaga: Wadda Nake Saye da Wadda Nake Gudu

Mai Hilux ko Land Cruiser da ke shiga ƙauyukan Baure da Zango ya san dalilin ɗaga mota. Yashi na kama ciki, da damina kuma ruwa ya zaizaye hanya ya bar tudu a tsakiya. Sai mutum ya ƙara tsayin inci 2, ya sa manyan tayoyi, ya bar shokozobar da motar ta zo da ita daga kamfani. Nan ne kuskuren farko. Waccan an yanka ta ne daidai tsayin asali, in ka ɗaga mota ka riga ka miƙar da ita tun kafin a tashi, duk ramin da taya ta faɗa sai ta buga ƙarshenta. Wannan bugun ne ke cinye sil, robar da ke hana mai zuba, da bushin, robar da ke wurin ɗaure ta. Doguwa fiye da kima ma matsala ce, don in an yi lodi ita za ta riga robar tsayawa, wadda ke tare mota in ta dusa ƙasa sosai, karɓar duka.

Aikin shokozoba shi ne ta mayar da girgiza ta zama zafi. Fistin ne ke sama da ƙasa cikin mai, man na bi ta ƙananan ƙofofi. A burji mai gargada, da ranar watan Afrilu irin ta Daura, man kan yi zafi har ya yi kumfa, kuma da zarar ya yi kumfa riƙo ya tafi. Za ka ji bayan mota na tsalle yana neman wuce gaba.

Gini iri biyu ne. Mai bututu ɗaya tana da fistin na biyu da ya raba mai da iskar naitirojin, tana saurin huce zafi, amma dutse ɗaya ya lotsa jikinta fistin ya cije, shi ke nan. Mai bututu biyu kuwa aikin a na ciki ake yinsa, na waje ma'ajiyar rarar mai ne, kuma sulke ne.

Ni dai Old Man Emu Nitrocharger nake sawa, ba kuma zan ɓoye ba. Kayan kamfanin ARB ne na Ostireliya, ƙasar da ke da dogayen hanyoyin ƙasa masu gargada da zafi da ƙura, wato kusan irin namu. Mai bututu biyu ce. Ta baya a motata yanzu haka tana da lotsa har biyu daga tsakuwar da tayar gaba ke watsowa, fentinta mai ruwan ɗorawa ya kankare, amma jikinta a bushe yake. Abin da ya fi burge ni shi ne ba ita kaɗai suke yi ba, suna haɗa ta da sifirin gwargwadon nauyin da mota ke ɗauka kullum. Wanda ke yawo fayau daban, wanda ba ya rabuwa da buhunan riɗi da taki zuwa kasuwar Mai'adua daban. Ka faɗi gaskiyar lodinka. Mutanenmu na son a ce sun sa mafi ƙarfi, sai su ɗauki sifirin manyan kaya alhali iyali kawai suke ɗauka, daga baya su ce shokozoba ce ke karya musu ƙugu. Aibin Nitrocharger a wurina ɗaya ne: in ta mutu ba a buɗe ta a gyara, sai sabuwa.

Bilstein ta Jamus, irin su 5100, mai bututu ɗaya ce, ta iya kwalta sosai, sai dai a ƙananan gargada tana da tauri, ga tsoron dutse. Fox da King na masu tsere ne, ana buɗe su a canza mai da sil a sake cika naitirojin, to ka fara nemo mai yi maka wannan aikin kafin ka biya dala. Ironman Foam Cell Pro ita ce ta biyu a wurina. KYB ta Japan kuwa ba ta da laifi, amma wadda ake samu a ko'ina ta tsayin kamfani ce, ba ta motar da aka ɗaga ba.

Duk wannan lissafi banza ne idan abin da ke cikin kwalin ba shi ne a jikin kwalin ba. Ni an taɓa ni. Wani mai shago ya ba ni guda biyu sababbi fil, da sitika da leda, farashi ya yi sauƙi har na ɗauka sa'a ce. Mako uku, ina dawowa da lodi daga wajen Sandamu, na ji baya na lilo kamar kwale-kwale. Da aka kwance, bakanikena ya kankare fenti da wuƙa a gindin ɗaya, sai ga ɗigon walda kamar ƙwayar wake. Ya ce, "Alhaji, wannan ai ta ga duniya kafin ta gan ka." Tsohuwar Beljiyam ce aka huda, aka ɗura mata mai, aka toshe, aka fesa fenti. Mai shagon kuwa cewa ya yi hanyata ce ba ta da kyau.

Tun daga ranar ba na sayen shokozoba a tsaye. Zama nake, in fitar da ita daga kwali. Da farko in shafa gindinta da yatsa ina neman tudun walda inda bai kamata ba. Sai rodin, ƙarfen da ke shiga yana fita: na sabuwa sumul yake kamar madubi, in akwai ƙarzuwa, ko tsatsa, ko wurin da ƙyallin ya dushe, ta yi aiki. Fenti a kan roba ko a kan zaren noti alama ce an fesa ta bayan an haɗa. Lambar kaya ta jiki ta dace da ta kwali, ka kuma buɗe shafin kamfanin a wayarka ka tabbatar lambar ta motarka ce da tsayin da ka ɗaga. Mai gas, wato mai naitirojin, in ka tsayar da ita ka danne, da kanta take dawowa a hankali, babu tsalle, babu wurin da hannu ke zarcewa fayau. Danna biyun a jere, riƙonsu ya zama ɗaya. Ka ɗaga ka ji nauyi, jabu ba ta cika nauyi ba. Haruffan sitika ma ka karanta, masu kwaikwayo kan yi tuntuɓe a rubutu.

Mai shagon da ya hana ka buɗe kwali, ko ya ce ba ya rubuta lambar kaya a rasit, ka yi masa sallama. Wannan ko a Katsina ne, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Fanteka a Kaduna. Kada kuma ka aika yaron gareji shi kaɗai da kuɗi. Beljiyam a fili ma ba na saye don motar da aka ɗaga, domin ba ka san kilomita nawa ta ci ba.

Wajen ɗaurawa, a canza biyu tare, hagu da dama. Kada a ƙarasa ɗaure notin bushin mota na kan jak, a sauke ta ta zauna kan tayoyinta tukuna, in ba haka ba robar za ta murɗe ta yage. A Hilux daga Vigo zuwa sama, da Prado, in ka wuce inci 2 a gaba, shaf da bol-join ne za su fara kuka. Bayan tafiyar farko a burji ka leƙa ƙasa: ɗan danshin da ƙura ta manne a sama ba komai ba ne, amma mai da ya gangaro har gindi, ka kwance ta ka koma shagon da rasit ɗinka.