Seiko SKX007 ko Citizen Promaster: wanne za ka ɗauka a na hannu?

Malam, ka ce wani dillali ya kawo maka agogo biyu na masu ninƙaya a teku, duk na hannu: Seiko SKX007 a jika 130, da Citizen Promaster mai cin hasken rana, BN0150, a jika 95. Kana tambaya wanne ya fi, kuma ta yaya za ka gane ba jabu ba ne. Na ɗaura duka biyun, ga abin da na gani.

A takarda dai kusan tagwaye ne. Kowanne an rubuta masa DIVER'S 200m a fuska, wato ya cika ƙa'idar ISO 6425, wadda ba ta yarda da ƙasa da mita 100. Kowanne yana da zobe mai lambobi kewaye da gilashi wanda ke juyawa hagu kawai, da ɗan kan saita lokaci wajen ƙarfe huɗu, wanda ake murɗewa ya kulle kamar noti. Mu a Damagaram ba teku za mu shiga ba. Abin da muke saye shi ne toshewar nan: ƙurar hunturu ba ta shiga, gumin bazara ba ya shiga, ka yi alwala sau biyar a rana ba ka kwance shi ba.

A inji suka rabu. Seiko ba ya da batir, motsin hannunka ke yi masa wani, wato shi ke ba injin ƙarfin tafiya. Ka ajiye shi kamar awa 40 ya tsaya, kuma ya yi gaba ko baya da sakan ashirin ko talatin a rana ba abin mamaki ba ne. Citizen kuwa haske yake sha ta fuskarsa ya tara, in ya ƙoshi yana kai wata shida cikin duhu, kuskurensa wajen sakan 15 ne a wata guda. Rana kuwa Allah Ya hore mana ita.

Wurin da za ka buɗe ido sosai Seiko ne. An fara yin SKX007 a 1996, aka daina wajen 2019, daga nan kuɗinsa ya tashi, masu jabu suka yi masa ca. Jabu tsantsa ma ya fi sauƙin kamawa. Wanda ke cin mutane shi ne haɗe-haɗe: jiki na ainihi, fuska da tsinkaye da zobe na kasuwa. Ni kaina an taɓa yi mini. Sati biyu da saye, na idar da alwalar Azahar sai na ga raɓa ta kwanta a ƙarƙashin gilashi. Mai gyara ya buɗe bayan a gabana, ya ɗago robar da ke tare ruwa da bakin hantsaki, ta karye biyu kamar busasshiyar taliya. Ya karkata fuskar ga rana ya nuna mini rubutun nan mai ruwan lemo na DIVER'S 200m, fentin ya malala ya fita layi. Raina ya ɓaci ƙwarai ranar.

To ka yi wannan a gaban dillalin. Warware ɗan kan, ka ja shi har ƙarshe, ka kalli tsinken sakan. Injin SKX na ainihi, 7S26, ba ya tsayawa in an ja kan, kuma ba a yi masa wani da yatsa, sai dai a girgiza shi. In tsinken ya tsaya cak, an sauya inji ko kuma agogon gaba ɗaya ba shi ba ne. Juya bayansa: akwai zanen igiyar ruwa a tsakiya, da 7S26-0020, da lamba shida. Ta farko ƙarshen shekara ce, ta biyu wata ce, daga 1 zuwa 9, sai O, N, D na Oktoba, Nuwamba, Disamba. Wanda ya fara da 7N, a Nuwamban 1997 ko 2007 ko 2017 aka yi shi. In an ce maka samfurin J ne, wato ƙirar Japan, dole ka ga 21 JEWELS da MADE IN JAPAN a fuska, kuma da yawansu sunayen ranaku na fitowa da Larabci. Sannan ka rufe shi cikin tafin hannu bayan ya sha rana. Hasken Seiko kore ne shar, tsinkaye da ɗigo-ɗigon duk kala ɗaya. In kalar wani ta bambanta da ta wani, mai yiwuwa an taɓa shi.

Citizen binciken nasa gajere ne, don masu jabu ba su cika wahalar da kansu a kansa ba. Duba lambar injinsa, E168, a bayansa. Kalli tsinken sakan: in yana tsallen biyu-biyu, yunwar haske yake ji. Ka ce a bar maka shi kwana biyu ya sha haske bakin taga. In ya dawo ɗaya-ɗaya, lafiya lau. In bai dawo ba, ma'ajiyar wutarsa ta mutu, kuma kada ka yarda wani a kasuwar Dole ya cusa masa batir na agogo gama-gari, lalata shi zai yi. Kada kuma ka shanya shi a gaban mota cikin zafin Afrilu da Mayu.

Seiko ya fi shi a abu ɗaya mai nauyi: duk mai gyaran da ya ƙware a agogon wani zai iya wanke injinsa ya sa mai, kayansa kuma ana samu ta Kano. Na Citizen sai an yi oda an jira.

Duk da haka, da ni ne kai, Citizen zan ɗauka, in riƙe ragowar jika 35 ɗina. Seikon nan sai in dillalin ya yarda ku je wurin mai gyara tare, a buɗe shi kana tsaye, kafin kuɗi su fita daga aljihunka. In ya fara rantse-rantse yana cewa buɗewa ɓata agogo take, miƙa masa abinsa. Kowanne ka saya kuma, a sauya masa robobin nan kafin ya ga ruwan buta.