Corolla 2005: ta kai mu Kano da silinda uku, amma an rufe mata baki kafin a sayar min

Shekara biyu da 'yan watanni ke nan da na sayi Corolla ɗin nan, ƙirar 2005, tokumbo, mai giya otomatik. Ba sai na faɗi kuɗinta ba, duk wanda ya leƙa wajen masu sayar da motoci a Kaduna bayan cire tallafin mai ya san yadda ƙananan motoci suka yi tashin gwauron zabo. Ɗan filina na bayan gari na sayar, na haɗa da kuɗin adashi, sannan ta samu. Mutane da yawa suna tambayata ko su sayi irinta. Amsata tana cikin abin da ya faru da mu ranar wata Talata a hanyar Kano, don haka da shi zan fara.

Baba ya daɗe yana fama da yanar ido. Wata huɗu muna jira kafin a ba mu ranar aiki a wani asibitin ido a Kano, aka ce lallai mu iso kafin ƙarfe goma na safe, in ba haka ba sai wani zagayen. Muna idar da sallar asuba muka kama hanya, ni da shi da ƙanwata a baya tana riƙe da kwandon abinci. Har muka wuce Zariya lafiya lau. Mun ɗan gota Tashar Yari kaɗan sai na ji motar ta yi wata irin shaƙuwa, ta saki, ta sake yi. Kafin a jima sitiyari ya fara rawa a hannuna, in na taka totur sai ta yi nishi kamar mai ɗauke da buhu goma. Na duba allon gabana, babu fitilar da ta kama, allurar zafi tana inda take kullum.

Gaskiya dama ta ɗan yi min irin wannan da safe sau uku ko huɗu a makonnin baya. Na kai wa makanikena, ko bonet bai buɗe ba ya ce gurɓataccen mai na sha, in canza gidan mai. Na yarda da shi, domin na saba jin cewa in akwai matsala motar da kanta za ta nuna.

Da lallami muka ƙarasa Kwanar Dangora wajen ƙarfe takwas. Zuciyata ta riga ta tsinke. Ina ta lissafin yadda zan sa dattijo mai shekara saba'in da ɗoriya, wanda ba ya ganin gabansa sosai, cikin motar haya a matse shi da mutum uku. A gindin wata dalbejiya na ga wani yaro makanike, bai fi shekara ashirin ba, yana shan koko, ko kayan aikinsa bai gama fitarwa ba. Ya ajiye kofin ya ce, "Oga, bar ta a kunne." Ya cire murfin roban da ke saman inji, ya riƙa zare wayar kwayil, wato abin da ke ba kowace silinda wuta cikin huɗun da injin ke da su, ɗaya bayan ɗaya yana kasa kunne. Na farko da ya zare, inji ya nemi mutuwa. Na biyu ma haka. Da ya zare na uku, sautin bai canza ba ko kaɗan.

"Wannan ne ya mutu. Da silinda uku kuke tafiya."

Ba shi da irinsa, kayan Golf da Sharon ne a akwatinsa, shagunan kayan gyara kuma ba su buɗe ba. Na tambaye shi ko in bar ta a nan. Ya girgiza kai, ya zare wayar nozul ɗin silindar da ta mutu don kada mai ya riƙa zuba a banza yana wanke cikinta, ya rufe bonet. Ya ce kada in kunna esi, kada in wuce sittin, kada in matsa mata a hawa. "In sha Allahu za ta kai ku. Wannan injin ba ya kunyata mutum." Na ba shi abin da ya sawwaƙa, ya ce a yi wa Baba fatan samun lafiya. Allah ya yi wa yaron nan albarka duk inda yake.

Wallahi ta kai mu. Fiye da kilomita 60, tana karkarwa, tirela na danna mana ham suna wucewa, amma ko sau ɗaya ba ta mutu ba, allurar zafi ba ta motsa ba. Muka wuce Chiromawa, muka wuce Kadawa da Kura, muka shiga cunkoson Na'ibawa, inda na fi jin tsoro domin a tsaye ne rawar ta fi tsanani. Goma saura kwata na tsaya a ƙofar asibiti. Da na kashe ta sai na ɗora goshina a kan sitiyari na yi hamdala, hannuwana suna ta rawa.

A cikin wannan tafiyar ce Baba ya yi wata magana da ban ɗauke ta da nauyi ba a lokacin. Shekara 22 ya yi yana aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri kafin a rufe su, kunnensa ya san inji fiye da idon mutane da yawa. Ya ce, "Kai, a masaƙa zare ɗaya in ya tsinke cikin dubbai, inji tsayawa yake cak, fitila ta kama a kansa, ka je ka ɗaura. Ita wannan motar taka ba ta da fitilar da ke faɗin ciwonta ne?" Na ce, "Tana da ita, Baba, amma tunda na saye ta ba ta taɓa kamawa ba." Da alfahari ma na faɗa. Ya yi shiru bai ƙara cewa komai ba.

Aka yi aiki lafiya, muka sauka gidan ɗan'uwa saboda za a sake duba idon. Washegari na kai motar wajen wani mai wayarin da aka yi min kwatance. Ya jona na'urarsa a ƙarƙashin sitiyari, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Yallaɓai, murɗa makulli amma kada ka tayar." Na murɗa. Fitilar batir ta kama, ta baƙin mai ta kama, ta birki ta kama. Ya nuna min wani gurbi baƙi ƙirin ya ce a nan ya kamata in ga 'yar rawaya mai siffar inji, kuma kowace mota tana kunna ta a wannan lokacin kafin ta ɗauke. Ya kwance allon a gabana. Baƙin tef ne, ninki biyu, an liƙe fitilar da shi daga ciki. Yana ɓare shi ya mayar da allon, sai ga ta tana ci tar.

Wata nawa ke nan motar tana ƙoƙarin gaya min kwayil yana mutuwa, ni kuwa ina yawo da iyalina ina yabon lafiyarta.

Ashe da sauran rina a kaba. Ya shiga ƙarƙashinta ya kira ni in leƙa. Tukunyar nan mai tace hayaƙi da ke jikin salansa, wadda 'yan gareji ke kira indomi, babu ita, an yanke an yi waldar bututu a wurin. Ana cire ta ne a sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta, kuma da zarar an cire, fitilar inji sai ta kama. Dalilin tef ɗin ke nan. Da dare ɗan gidan da muka sauka ya sa min lambar shasi a intanet. Ranar da na saye ta, allo yana nuna mil 96,000. Rubutu na ƙarshe da aka yi mata a Amurka kafin a ɗoro ta a jirgi, mil 214,000 ne.

Ban yi barci ba daren nan. Fili na sayar. Mutumin da ya sayar min har rantsuwa ya yi cewa wata tsohuwa ce ke zuwa kasuwa da ita a can, dillali ya karɓi la'adarsa yana min murna. Da na koma Kaduna na same shi da tef ɗin a hannuna, ya ce shi ma haka ta zo masa daga Kwatano. Ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba, na bar shi da Allah, amma ba zan ɓoye ba, har yau in na bi ta layin nan sai raina ya ɓaci.

Cikin rashin barcin nan ne, ina ta bin lambar shasin a waya, na ga cewa haruffa ukun farko, 1NX, suna nufin ba a Japan ma aka haɗa ta ba. A Fremont ta jihar Kalifoniya aka yi ta, a masana'antar da Toyota da General Motors suka buɗe tare a 1984, aka rufe a 2010. Daga nan karatu ya ja ni zuwa asalin kamfanin Toyota, sai na ci karo da abin da ya sa na tashi zaune. Ashe daga saƙa suka fara. Sakichi Toyoda, wanda aka haifa a 1867, ɗan kafinta ne da ya tashi yana kallon mahaifiyarsa tana saƙa da hannu, ya ƙare rayuwarsa wajen ƙera injinan saƙa. A 1924 ya kammala wanda ke sauya ƙoshiya da kansa ba tare da ya tsaya ba, amma da zarar zare ɗaya ya tsinke sai ya tsaya, don kada ya ci gaba da fitar da yadi mai aibi. A 1929 kamfanin Platt Brothers na Ingila ya sayi haƙƙin ƙera shi a kan fam 100,000. Ɗansa Kiichiro ne ya buɗe sashen mota a cikin kamfanin injinan saƙar a 1933, ƙaramar motarsu ta farko ta fito kasuwa a 1936, aka kafa kamfanin mota mai zaman kansa a 1937 da sunan Toyota. Ba su samu abin a sauƙaƙe ba, domin a 1950 sun kusa durƙushewa, aka sallami ma'aikata, Kiichiro da kansa ya sauka daga shugabanci, ya rasu a 1952, shekara 14 kafin Corolla ta farko ta fito a 1966.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne ba su yar da darasin zaren nan ba. A masana'antunsu na mota, ma'aikaci in ya ga aibi yana da ikon jan igiya, fitila ta kama a allo, in ba a warware matsalar ba layin ya tsaya. Sunan wannan tsari andon, kalmar da asalinta a Japananci fitila take nufi. Da safe na karanta wa Baba, yana kwance da bandeji a ido. Ya saurara har ƙarshe, ya yi murmushi ya ce, "Ashe 'ya'yan masaƙa ne. Shi ya sa."

To ga mai tambaya ko ya saya, ni kaina ra'ayina kashi biyu ne. Injin nan mai lita 1.8 ban ga abin kushewa a jikinsa ba. Sarƙa ce ke juya shi ba bel ba, ba ya shan mai, kuma motar da ta riga ta ci mil fiye da 200,000 kafin ta zo hannuna ta ɗauki mahaifina da silinda uku ta sauke shi a kan lokaci. An ce zuwa 2021 an sayar da Corolla fiye da miliyan 50 a duniya, kuma yanzu na fahimci dalili. Kowane gari ka shiga akwai wanda ya san ta.

Amma wannan farin jinin nata shi ne kuma masifar mai ita a nan. Saboda kowa na nemanta, jabun kayanta sun cika kasuwa. Kwayil ɗin farko da na saya a wani shago, cikin kwali mai kyau har da tambari, sati uku ya yi ya mutu, mai shagon kuma ya ce kayan wuta ba a dawowa da su. Sai da na koma na nemi na Beljiyom guda huɗu na canza gaba ɗaya sannan na huta. Madubin gefe an ɓalle min sau biyu, sau ɗaya a wajen ɗaurin aure. Sabuwar tukunyar salansa kuwa da na ji kuɗinta sai na haƙura tukuna. In na haɗa duk wannan da abin da na biya a kan ƙaryar mil 96,000, akwai ranakun da nake cewa da ma filina na riƙe. Sai kuma in tuna Kwanar Dangora in yi shiru.

Wanda duk zai saya, ya tafi da mai na'ura nasa, kada ya yarda da wanda dillali zai kawo. Ya murɗa makulli ba tare da ya tayar ba, ya tabbatar 'yar rawayar nan ta kama sannan ta ɗauke bayan inji ya tashi. Ya sa a leƙa ƙarƙashi a ga salansa, ya duba lambar shasi kafin ya ba da ko sisi.

Tawa fitilar har yanzu a kunne take dare da rana saboda tukunyar da aka sace. Makanikena ya ce in kawo ya sake rufe min ita tunda na san dalili, kada ta riƙa damuna da daddare. Na ƙi, kuma na canza makanike. Duk ƙarshen wata, lokacin juye, ina kai ta a jona na'ura a ga ko wani sabon abu ya ƙaru a bayan tsohon. Baba idonsa ya buɗe, alhamdu lillahi, yanzu shi ke zama a gaba in za mu je Juma'a, kuma duk sati sai ya miƙa wuya ya dubi fitilar ya tambaye ni yaushe zan sayi tukunyar.