Na'urar ban ruwa mai sola ga tukwanen shuka: yadda ta yi a zafin Bauchi

Malamin makaranta kan fita kafin bakwai da rabi na safe, ba ya dawowa sai bayan azahar, wani ma sai la'asar idan akwai darasin yamma. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kusantar maki 40 a Bauchi, wannan tsakanin ya isa ya kwantar da na'a-na'ar da ke cikin tukunya. Shi ya sa 'yar na'urar nan ta ban ruwa mai aiki da hasken rana, wadda ake sayarwa a intanet, ta fara shiga gidajen masu shuka a tsakar gida. Na yi amfani da ita a hunturu da bazara. Tana aiki, kuma ta cancanci kuɗinta ga wanda zai zauna ya saita ta. Sai dai agogo kawai take bi. Ba ta san ƙasa ta jiƙe ko ta bushe ba, kuma kusan duk matsalolinta daga nan suke tasowa.

A cikin kwalin akwai ɗan akwati mai ɗauke da famfo da batir da agogon saiti, da faifan sola, da siririn tiyo mai faɗin milimita 4 wanda tsawonsa kan kai mita 10 zuwa 15, da kawunan ɗigo da ake sokawa a ƙasar tukunya, da mahaɗai masu siffar T, da mataci da ake jefawa cikin ruwa. Akwai kuma wani ɗan ƙaramin bawul da mutane da yawa ke ajiyewa gefe don ba su gane amfaninsa ba. Haɗawar ba ta da wuya. A yanka tiyon da almakashi a miƙe, kada a karkace, a tsoma bakinsa cikin ruwan zafi na ɗan lokaci kafin a tura shi kan mahaɗa. Idan aka tura shi a sandare, musamman da sanyin safiyar hunturu, ba ya shiga sosai, kuma da famfo ya tashi zai fice.

Babban kuskuren da ake yi shi ne wurin ajiye ruwa. Hankali na ba mutum cewa a ɗora jarkar a kan tebur ko dakali, tukwane a ƙasa, don ruwa ya gangara cikin sauƙi. To idan saman ruwan ya fi kawunan ɗigo tsayi, famfon zai tsaya amma ruwan ba zai tsaya ba. Zai ci gaba da zuƙo kansa, kamar yadda ake jawo fetur daga tankin mota da tiyo, har jarkar ta ƙare. Mutum ya dawo ya tarar da tsakar gida a jiƙe, tukwane sun yi caɓi, jarka wayam, ya ce na'urar ta lalace. Gyaran iri biyu ne. Ko dai a sauke mazubin ruwan ƙasa a ɗora tukwanen a kan benci, ko kuma a sa wannan ɗan bawul ɗin a jikin tiyon da ke fita daga famfo, a rataye shi sama da matakin ruwan. Aikinsa shi ne shigar da iska cikin tiyo da zarar famfo ya tsaya, iskar ta katse zuƙowar. Idan aka sa shi ƙasa da saman ruwa, ko aka juya shi baibai, daidai yake da babu. Mai amfani da duro ya lura cewa cikakken duro ya fi duk wata tukunyar da ke ƙasa tsayi, don haka bawul a gare shi dole ne.

Sai awo. Kwalin yana cewa famfon na tura wajen mililita 400 a minti ɗaya, amma wannan adadin yana raguwa gwargwadon tsawon tiyo da nisan da ruwan zai hau. Kada a dogara da shi. Bayan an gama haɗawa, a zare kowane kan ɗigo a sa shi cikin kofi ko gorar ruwa da aka yanke, a kunna na minti biyar, a duba abin da kowanne ya tara. Nan za a ga tukunyar da ke kusa da famfo ta fi ta ƙarshen layi samun ruwa, wani lokaci da tazara mai yawa. Layi ɗaya dogo shi ke jawo haka. Gara a raba tiyon gida biyu tun daga bakin famfo, kowane reshe ya ɗauki rabin tukwanen, a kuma daidaita tsayin tukwanen. Wadda ke ƙasa takan kwashe rabon wadda ke kan benci.

Lissafin ruwan shi ne ya kamata a yi tun kafin a sayi na'urar. Tukunya mai faɗin baki santimita 25 da ke ɗauke da na'a-na'a ko ɗoɗɗoya tana shan wajen rabin lita a rana a watan Afrilu, fiye da haka idan ta yumɓu ce, domin ita tana tsattsafar da ruwa ta jikinta. Tukwane 10 ke nan lita 5 a rana. Jarkar mai ruwa ta lita 25 za ta yi kwana 5 ne kawai. Wanda zai tafi hutun mako biyu yana bukatar lita 70, wato sai duro, kuma a bincika abin da duron ya taɓa ɗauka kafin a saya. Wanda aka zuba mai ko maganin ciyawa a ciki ba ya wankuwa. Lita 5 ɗin nan, a ƙarfin famfon da ke kan kwali, aikin minti 12 ne da rabi. Ya fi kyau a raba shi biyu, da asuba da bayan la'asar. Agogon yawancinsu ba ya sanin ƙarfe nawa, yana ƙirga awa 12 ko 24 ne daga lokacin da aka kunna shi. Idan ana son ban ruwan asuba, sai a kunna shi da asuba.

Wani abu game da hutu: dogon hutun makarantu yana faɗowa ne a Agusta, tsakiyar damina, lokacin da tukwanen waje ba sa bukatar kowa. Idan aka bar na'urar a kunne a lokacin, ruwa kan ruwa za ta yi ta zubawa har saiwa ta ruɓe. Hutun Disamba da na Afrilu su ne lokacinta.

Ba kowace shuka ce ke son ta ba. Na'a-na'a, ɗoɗɗoya, attaruhu, tumatir da alayyafo sun ji daɗinta ƙwarai, domin su abin da suka ƙi shi ne yau ruwa gobe ƙishi. Tumatir ma wannan hawa da saukar ne ke sa 'ya'yansa tsagewa ko ƙasansu ya yi baƙi. Alobera da moda mai dogayen ganyen nan a tsaye kuwa, a cire su daga layin gaba ɗaya. Suna ajiye ruwa a ganyensu, suna son ƙasa ta bushe ƙayau kafin a sake ba su. Ɗigon kullum yana sa gindin ganyen ya yi laushi ya yi wari, kuma kafin a ga alama a sama saiwar ta riga ta tafi. Haka nan kowace tukunya sai tana da huda a ƙasa. A kuma jiƙa ƙasar da hannu sosai kafin ranar farko, don ƙasar da ta bushe ta janye daga jikin tukunya ba ta riƙe ɗigo. Ruwan ta gefe yake bi ya fice ta ƙasa, saiwa ba ta samu ba.

Toshewa ita ce ciwonta na yau da kullum, kuma abubuwa uku ke kawo ta. Laka, idan ruwan rijiya ne ko ruwan famfo da ya dawo bayan ɗaukewa: a bar shi ya kwana ya kwanta, a kuma ɗaure matacin yadda zai tsaya kamar yatsu uku sama da gindin mazubi, kada ya kwanta cikin dattin. Gansakuka, idan jarkar fara ce rana na ratsa ta: a yi amfani da baƙa ko shuɗiya, ko a lulluɓe ta da buhu. Sai farin ɓawon nan da wasu ruwan burtsatse ke bari a bakin kan ɗigo: a jiƙa kawunan cikin binega na awa ɗaya, a ɗauraye. Kada a zuba takin ruwa ko ruwan kashin kaji a cikin mazubin, tiyon milimita 4 ba ya ɗaukar wannan. Bakin mazubin kuma a rufe shi da yankin gidan sauro a ɗaure, domin a wannan zafin sauro na iya tashi daga ƙwai zuwa mai cizo cikin kwana 7 zuwa 10.

Ɓangaren sola bai ba da wahala ba, rana ba ta yi mana ƙaranci. Abin lura shi ne ƙurar hunturu, wadda kan rufe faifan cikin 'yan kwanaki. A goge shi da tsumma mai laima. Bauchi tana wajen digiri 10 arewa da tsakiyar duniya, don haka daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta rana takan karkata arewa da tsakar rana, sauran watanni kuma kudu. Faifan da aka kafa jikin katanga a Disamba yana iya wayar gari cikin inuwa a Yuni. Inda ƙirar ta gaza shi ne samfurin da aka manne faifan a jikin akwatin batir. Dole a ajiye shi duka a rana, batirin litiyam kuwa zafi ne ke saurin kashe shi. Mai saye ya nemi wadda faifanta ke da wayarsa daban, akwatin ya zauna a inuwa. Akwai kuma samfurin da ake sarrafawa da wayar hannu, amma yana bukatar intanet na gida da ba ya yankewa, kuma ranar da wuta ta ɗauke umarni ba ya isa gare shi. Ban ga dalilin ƙarin kuɗin ba.

Ƙarar gargaɗin da na'urar take yi idan ruwa ya ƙare tana da amfani, muddin akwai mai ji a gidan. Kaji na tone kawunan ɗigo, ɓeraye na gwaguyar tiyo idan sun ji ruwa a ciki, don haka a ɗaga tiyon daga ƙasa a ɗaure shi jikin benci.

Ga malamin kimiyya ko na aikin gona a ƙaramar sakandare, na'urar kayan darasi ce mai kyau. Gwajin kofunan nan kaɗai ya isa ɗalibai su yi awo, su zana jadawali, su yi muhawara kan dalilin da kofin ƙarshe bai cika ba. Za a iya kuma jera ta da dabarun da ba sa cin kuɗi: gorar ruwa mai 'yar huda da aka kifa a ƙasa, ko zaren auduga da ke jawo ruwa daga kwano, ko ƙaramin tulun yumɓu marar fenti da aka binne har wuya a cikin babbar tukunya aka cika shi da ruwa aka rufe bakinsa. Tulun yana sakin ruwa ne gwargwadon bushewar ƙasar da ke kewaye da shi, abin da na'urar ba ta iyawa. Mai tukwane uku ko huɗu ya tsaya a kan tulu. Mai goma zuwa sama, masu girma kusan ɗaya kuma masu son ruwa, shi ne zai more na'urar, da sharaɗin ya gwada ta na mako guda yana gida kafin ya kulle ƙofa ya yi tafiya.