Wata tara bayan tiyatar kafaɗata a Abuja

Tsani ne ya zame da ni a tsakiyar damina, ina duba inda kwanon ɗakin girki yake yoyo a gidana da ke Unguwar Rogo a Jos. Na faɗo a kan hannun dama, na miƙe, na karkaɗe wando, na ce targaɗe ne. Da magariba maƙwabta suka raka ni wurin wani dattijo mai ɗori. Ya mammatsa, ya ja, ya shafa mai, sannan ya ce, "Malam, babu karaya a nan, ƙashinka lafiya lau." Gaskiya ya faɗa, don hoton ƙashin da na yi bayan mako guda ma haka ya nuna.

Sai dai ni malamin lissafi ne, shekarata 51, kuma da allo nake cin abinci. Wata uku bayan faɗuwar ban iya kai alli saman allo ba. Daga tsakiya nake fara rubutu, har ɗalibai suka gane suka riƙa tura mai tsawon cikinsu ya rubuta mini kwanan wata. Da dare kuwa idan na juya ɓangaren dama sai in farka kamar an soka mini ƙusa. Kowa ya ce sanyi ne, ai Jos ce. Na yi ƙaho wurin wanzami, na sha ƙwayoyin kemis har cikina ya fara ƙuna. Daga ƙarshe wani likitan ƙashi a nan Jos ya sa na yi hoton MRI mai nuna jijiya da tsoka, ya duba, ya ce akwai abokin aikinsa a Abuja da yake gyaran kafaɗa da kyamara, in je in gan shi.

Ƙarfe tara aka rubuta mini a kati, ban shiga ba sai bayan azahar. Wannan ɗabi'ar ba ta canza ba har zuwana na ƙarshe, don haka duk mai zuwa ya tafi da ruwa da abin taɓawa.

Amma da na shiga, na ga aiki. Bai fara da hoton ba. Ya sa na cire riga, ya tsaya a bayana yana kwatanta kafaɗun biyu, ya ce in miƙa hannuwa in juya babban yatsa ƙasa kamar mai zubar da ruwan kofi, ya ɗan danna. Na hagu ya tsaya, na dama ya faɗi kamar tsumma. Sai ya jawo takarda ya zana mini. Kan ƙashin dantse kamar ƙwallo ne da aka ɗora a ɗan ƙaramin faranti, shi ya sa kafaɗa ta fi kowace gaɓa juyawa, kuma jijiyoyi huɗu ne suke riƙe da ƙwallon a wurinsa. Ta saman ce ta tsinke daga jikin ƙashi gaba ɗaya. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna jijiya, shi ya sa aka yi ta ce mini lafiyata ƙalau. Jijiyar da ta rabu da ƙashi haka ba ta komawa da kanta, kuma in ta daɗe sai ta ja baya, tsokar ta fara zama kitse, gyaran ya yi wuya.

Abin da ya sa na amince da shi shi ne bai ɗora mini tiyata dole ba. Ya ce tsofaffi da yawa suna yawo da irin wannan yagewar ba su ma sani ba, wasu kuma gashi, wato motsa jiki, kawai yake isarsu. Nawa dai faɗuwa ce ta jawo, ban tsufa ba, kuma sana'ata ta ɗaga hannu ce, shi ya sa yake ganin a ɗinke. Ya ce ɗinkin yana iya warwarewa, bai ɓoye ba. Sannan ya tambaye ni taba da suga. Taba ban taɓa sha ba, suga kuwa ina da shi shekara shida, kuma gwajin da ke auna sugan wata uku ya fito a sama. Nan take ya ɗage aikin mako shida. Na roƙe shi ko allurar nan da ake yi a cikin gaɓa ya yi mini in samu barci, ya ƙi, ya ce tana tayar da suga kuma ba ya son ta kusa da ranar ɗinki. Na fito ina huci, na ce wa ƙanena da ke Kubwa mutumin nan ya cika iyayi. Yanzu na janye maganar.

Kafin in fita ya ce, "Malam, aikina na awa biyu ne. Naka na wata shida ne, ko fiye." Na yi dariya a lokacin.

Batun kuɗi shi ne inda asibitin ya ɓata mini rai. Ƴan ƙusoshin da ake kafawa a ƙashi a ɗaure jijiyar da zarensu daga waje ake kawo su, farashinsu yana bin dala. A cikin mako shidan da na yi ina fama da suga kuɗin ya ƙaru, kuma babu wanda ya kira ya gaya mini sai da na tsaya gaban mai karɓar kuɗi da jakata a hannu. Na riga na ci bashin ƙungiyar malamai, uwargida ta ba da kwasar adashinta, ragowar sai ƙanena ya cika a wurin. Takardar lissafin kuma ba ta haɗa da maratayin hannu ba, ba gashi, ba kuɗin dawowa ganin likita. Wanda zai je ya sa a rubuta masa abin da ke ciki da abin da ba ya ciki, da kuma ranar da farashin zai daina aiki.

Tiyatar kanta ba ni da labarinta da yawa. An yi mini allura a gefen wuya hannun ya mutu, aka sa ni barci, na farka da ƴan huji huɗu a kafaɗa da hannu kamar gungumen icce. Wata nas ta ce, "Baba, ka sha maganin nan tun kafin allurar ta sake ka." Na ga ba na jin komai, na yi jarumta na ajiye. Wajen ƙarfe biyu na dare allurar ta sake ni, kuma duk wanda yake ɗakin ya san ta sake ni. Da safe likitan ya zo da hotunan cikin kafaɗar, kafin ɗinki da bayansa, ya yi wa uwargida bayani da ƴar Hausarsa ta kasuwa har ta gane.

Kwana uku na matsa sai na koma gida, alhali ya ce in zauna a Kubwa har a cire zare. Daga Keffi zuwa Akwanga na ƙirga kowane rami da kafaɗata, a Hawan Kibo kuwa salati kawai nake yi. Laifina ne wannan.

Mako shida na yi da hannu a rataye, da ɗan matashi tsakaninsa da haƙarƙari, dare da rana, kuma lokacin ya faɗo daidai shigowar hunturu. A zaune nake barci, an jera mini matasai a baya. Ana cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, to ni na gano ko mazagin wando ba ya ɗaurewa. Tuwo da cokali a hannun hagu, ina jin nauyin ƴaƴana suna kallo. Alwala uwargida ke zuba mini ruwa, salla kuma a kan kujera bayan na tambayi limaminmu. Babban haɗarin a ƙofar masallaci yake, inda kowa yake son ya kama hannunka ya girgiza yana yi maka sannu. Ranar farko na lulluɓe maratayin da babbar riga don kunya, wani aminina ya dafa kafaɗar da ƙarfi, daga ranar a waje nake sa shi kowa ya gani. Riga mai maɓalli a gaba ita ce sutura, hannun ciwo ake fara zurawa.

Gashin a nan Jos na yi shi, wurin wani matashi da ya bi takardar da likitan ya rubuto mako-mako. Kalmar gashi tana ruɗin mutanenmu, sai a ɗauka ruwan zafi ne da fitila. Motsa jiki ne, kuma a jere yake. Da farko ba ni da izinin ɗaga hannun da kaina, sai in sunkuya in bar shi yana lilo, ko shi yaron ya ɗaga mini. Bayan mako shida aka shiga sanda, da igiyar da ake ratayawa a ƙofa, da tattaka bango da yatsu. Na riƙa sa alama da alli a bangon falo duk Juma'a, uwargida tana mita. Robar ja don ƙarfafa tsoka sai bayan wata uku.

A mako na takwas kafaɗar ta sandare, alamar allin ta tsaya wuri ɗaya. Hankalina ya tashi, na yi ta kiran lambar asibitin kwana huɗu, ko ba a ɗauka ko a ce za a kira ni. Sai da yaron gashin ya samo wata hanya saƙon ya kai ga likitan. A daren ya kira ni ta bidiyo, ya sa na motsa hannun yana kallo, ya ce masu suga sun fi kowa saurin sandarewar kafaɗa, in ci gaba a hankali, kada kowa ya murɗa ta da ƙarfi. Bayan mako uku alamar ta fara hawa. Haka na same su tun farko har ƙarshe: in ka kai gare shi ka huta, kaiwa gare shin ne aiki. Shi ma yana da nasa. Yana da sauri, ka yi tafiyar wuni ya sallame ka a minti goma, kuma in bayani ya yi zurfi sai ya zarce da Turancin likitoci. Na koyi rubuta tambayoyina a takarda in ajiye a gabansa, kuma bai taɓa tashi bai amsa su duka ba.

Yanzu wata tara. Ina kwana a ɓangaren dama, ina ɗaga hannu in yi kabbara ba tare da na tuna da shi ba, ina tuƙi har Bukuru in dawo. Sosa tsakiyar baya har yanzu da hagu nake yi, jarkar lita 25 na bar wa yara, kuma in sanyin asuba ya sauko kafaɗar tana ɗan yi mini tsami har rana ta fito. Wani abokin aikina mai koyar da kimiyya ya fara kukan tasa kafaɗar, na ba shi sunan likitan, na ce ya fara gyara sugansa, ya nemi lambar da ake samun mutumin kai tsaye, ya kuma shirya zama a Abuja har a cire zare. Ranar Litinin da ta wuce mai tsawon ajin nan ya taso zai karɓi alli kamar yadda ya saba, na ce ya koma ya zauna, na rubuta kwanan watan da kaina a can saman allo.